Sarƙar Keke Da Ƙurar Hunturu: Abin Koyi Daga Masu Zamiya A Kan Ƙanƙara

Duk mai bin hanyar da ta taso daga Ƙofar Doka ta ratsa Tudun Wada ta nufi gadar Kubanni, ba zai rasa ganin rumfunan masu gyaran keke da babur a gefen titi ba. A yawancin rumfunan nan akwai wani galan da aka yanke bakinsa, cike da tsohon baƙin mai wanda aka juye daga injin mota ko na babur, da ɗan buroshi a tsome a ciki. Da zarar mai keke ya yi kukan cewa sarƙarsa tana ƙara, sai yaron shago ya ɗauko buroshin ya lafta mata mai har ta riƙa ɗiga. Nan take ƙarar ta ɗauke, mai keke ya yi godiya ya hau abinsa, sau da yawa ma ba a karɓar ko kwabo. Ko shakka babu da kyakkyawar niyya ake yin wannan kyauta. Sai dai a watannin hunturu, wato daga Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris, kyauta ce wadda ke jawo wa mai keke hasarar da bai san daga inda ta fito ba.

Batun ya ƙara zama abin kulawa tun daga watan Mayu na 2023, lokacin da aka janye tallafin man fetur. Ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa da dama sun kakkaɓe kekunan da suka jingine shekara da shekaru, suna zirga-zirga tsakanin Tudun Wada da Kongo da Sabon Gari, wasu ma har Samaru, tafiyar da ta haura kilomita 10. Ga irin waɗannan mutane, sarƙa da firiwil ba ƙananan kaya ba ne. Ra'ayin da wannan maƙala ke karewa shi ne, abin da ake shafa wa sarƙar keke ya kamata ya canza da canjin yanayi, kuma a lokacin ƙura kakin kyandir ya fi baƙin mai dacewa nesa ba kusa ba. Mutanen da suka fi kowa ƙwarewa a wannan fanni na daidaita shafi da yanayi suna can arewacin Turai, inda dusar ƙanƙara kan rufe ƙasa watanni da yawa, saboda haka ya kyautu a fara leƙa su.

A ƙasashen Nowe da Suwidin da Finlan, tun dubban shekaru da suka wuce mutane ke ɗaura wasu dogayen katakai marasa faɗi a ƙafafunsu domin tafiya a kan dusar ƙanƙara. A yau abin ya zama wasa, har akwai tseren Vasaloppet na ƙasar Suwidin mai tsawon kilomita 90 wanda ake yi tun 1922. Nijeriya ma ta taɓa shiga irin wannan tsere na dogon zango a gasar Olamfik ta lokacin sanyi da aka yi a Beijin a 2022, inda Samuel Ikpefan ya wakilce ta. Matsalar mai wannan tafiya tana da ban sha'awa ga ɗalibin kimiyya, domin yana bukatar abu biyu masu karo da juna daga katako guda. Yana son katakon ya zame da sauƙi in ya miƙa gaba, kuma yana son ya kama ƙanƙara ƙam in ya taka zai tura jikinsa, musamman a hawa.

Dabarar da aka yi ita ce lanƙwasa tsakiyar katakon sama kaɗan, kamar baka. In nauyin mutum ya rabu a kan ƙafa biyu, tsakiyar ba ta danna ƙanƙara, sai gaba da baya kawai, kuma su ake shafa wa kakin santsi. In ya tattara nauyinsa a ƙafa ɗaya ya danna, sai tsakiyar ta sauka, ita kuwa an shafa mata wani kaki mai danƙo wanda ƙwayoyin ƙanƙara ke nutsewa cikinsa su riƙe. Abin lura shi ne babu kaki ɗaya da ke aiki a kowace rana. Sabuwar ƙanƙara mai tsananin sanyi tana da ƙwayoyi masu tsini, don haka kaki mai tauri take so. Tsohuwa wadda ta narke ta sake daskarewa ƙwayoyinta sun zama mulmulallu, sai kaki mai laushi da yauƙi ke iya kama ta. Wanda ya yi kuskuren zaɓi, ko dai ya yi ta sulɓewa baya, ko ƙanƙara ta dunƙule a ƙarƙashin ƙafarsa ya kasa gaba.

Tun a 1673 wani malami mai suna Johannes Scheffer ya ambaci shafa kwaltar itace da ƙaro a kan katakan nan a cikin littafinsa kan mutanen Laplan. Amma sai a ƙarni na 20 kimiyya ta shiga maganar sosai. A 1939 Bowden da Hughes suka yi gwaji a tashar bincike ta Jungfraujoch da ke kan duwatsun Suwizalan, suka nuna cewa zafin gogayya yana narkar da wani ɗan siririn ruwa a saman ƙanƙara, kuma wannan ruwa ne ke taimaka wa zamiya. In ya yi kaɗan katako ya yi ta karta, in ya yi yawa ya riƙe katakon kamar yadda gilashi biyu masu laima ke mannewa. A 1946 wani masanin harhaɗa sinadarai, Börje Gabrielsson, tare da ɗan tsere Martin Matsbo, suka fito da kakin Swix a Suwidin, suka kasa shi launi uku: kore na tsananin sanyi, shuɗi na matsakaici, ja na lokacin da ƙanƙara ta fara jiƙa. Wannan rabe-rabe mai sauƙi shi ne ya kai ilmin ɗakin gwaji hannun talaka, domin ba sai mutum ya san lissafi ba, ya dubi ma'aunin zafi kawai ya ɗauki gwangwanin da ya dace.

A yau ƙasan katakon roba ce ta musamman. Ana goge ta, a ɗiga mata kaki da dutsen guga, a bar shi ya huce, sannan a kankare shi kusan duka a bi da buroshi. Wanda bai saba ba zai ga kamar ɓarna ce a shafa abu sannan a kankare, alhali kuwa abin da ya shiga jikin robar shi ne mai amfani, wanda ya taru a sama datti kawai yake tarawa. Masu sana'ar sun san cewa kaki mai laushi yana kwasar ƙazantar da ke kan ƙanƙara, kuma da zarar ya kwasa gudu ya ragu. Abin mamaki, wani lokaci ƙazantar tasu ma daga nahiyar nan take zuwa. A Fabrairun 2021 da Maris na 2022 iska ta kwashi ƙurar Sahara ta zuba a kan duwatsun Turai har ƙanƙara ta koma ruwan ƙasa-ƙasa.

To, wannan ƙura da kan ziyarce su jefi-jefi, ita ce ke kwana ta tashi a Zariya tsawon watanni. Iskar hunturu tana ɗauko ta daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta haɗu da ƙurar titunan unguwa da ba su da kwalta. Kaso mai yawa na ƙwayoyinta irin ma'adinin farin yashi ne, wanda a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs yake mataki na 7, wato ya fi yawancin ƙarafa tauri. Shi ya sa dutsen washi ke cin wuƙa, wuƙa ba ta cinsa.

Sarƙar keke kuwa, in aka dube ta da kyau, jerin gaɓoɓi ce fiye da ɗari, kowace gaɓa da ɗan ƙusa a tsakiya da zoben ƙarfe da ke kewaye da shi. Duk lokacin da gaɓa ta hau haƙori ko ta sauka, sai ta ɗan tanƙwara, ƙusar ta goga da abin da ke riƙe da ita. Can ciki, inda ido ba ya gani, nan ne ake bukatar mai. Man da ke sheƙi a bayan sarƙa ba ya rage gogayyar komai. Aikinsa ɗaya ne, wato kama duk ƙurar da tayar gaba ta watso. Da yake mai ruwa ne, yana malala yana shiga yana fita, sai ya ɗauki ƙurar ya kai ta cikin gaɓoɓin. Abin da ke samuwa a nan shi ne wani baƙin kwaɓi wanda bai da maraba da wanda makanikai ke amfani da shi wajen washin bawul ɗin inji. Tsohon baƙin mai ya fi muni, domin tun kafin ya taɓa sarƙa yana ɗauke da garin ƙarfe da baƙin hayaƙin injin da ya fito daga cikinsa.

Masu keke kan ce sarƙa ta miƙe ko ta saki. Hakika ƙarfen bai miƙe ba, ƙusoshin ne suka cinye, kowace gaɓa ta sami ɗan wasa, wasan ya taru ya zama tsawo. Kowa na iya auna wannan da rula. Tsakanin ƙusa da ƙusa rabin inci ne cif, saboda haka a sabuwar sarƙa gaɓa 24 inci 12 ne daidai. In aka auna aka ga ƙusar ƙarshe ta wuce layin da kashi 1 cikin 16 na inci, lokacin canji ya yi. In ta kai kashi 1 cikin 8, to ta riga ta fara cin haƙoran firiwil da na babban faifan feda, sabuwar sarƙa ba za ta zauna a kansu ba, dole a sayi kaya uku maimakon ɗaya. A nan kuɗin talaka ke zurarewa.

Akwai wani bincike da James Spicer da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka wanda aka bayyana a 1999. Sun sami cewa sarƙar keke na iya isar da fiye da kashi 98 cikin 100 na ƙarfin ƙafa zuwa taya, kuma a cikin ɗakin gwaji mai tsabta irin man da aka shafa bai kawo wani babban bambanci ba. Fassarar da suka bayar ita ce, wataƙila babban aikin mai shi ne cike gurbin da datti zai shiga. In haka ne, tambayar da ta dace a yi a garin ƙura ita ce wane abu ne zai cike gurbin ya kuma zauna daram ba tare da ya jawo ƙura ba. Amsar ita ce abin da ke shiga yana ruwa, sannan ya daskare, wato kaki. A 2013 wani ɗakin gwaji mai suna Friction Facts a Amurka, tare da wata mujallar tseren keke, ya gwada mayukan sarƙa kimanin 30, sai ga kakin farafin, irin wanda ake yin kyandir da shi, ya fi sauran duka ƙarancin gogayya. Tun daga nan dafa sarƙa cikin kaki ya bazu a tsakanin masu tseren keke na duniya.

Yadda ake yi ba shi da wuya, ko da yake yana son haƙuri a karon farko. A cire sarƙa, a wanke ta da kananzir sau biyu ko uku har sai ya daina baƙi, a bi da ruwan zafi da sabulun gari, a shanya a rana ta bushe ƙarau. Wannan mataki shi ne ginshiƙi, domin kaki ba ya kama ƙarfen da ke da maiƙo, ko da maiƙon da kamfani ya shafa wa sabuwar sarƙa ne. Sai a zuba farin kyandir cikin gwangwani, a ɗora gwangwanin a cikin tukunyar ruwa mai tafasa. Kakin kyandir yana narkewa tun kafin zafi ya kai digiri 70 a ma'aunin Salshiyos, ruwa kuwa ba ya wuce 100, saboda haka tukunyar ruwan ita ce kariya daga gobara. Kada a kuskura a ɗora kaki a kan wuta kai tsaye, kuma in ya kama wuta a rufe shi da murfi, kada a watsa masa ruwa. A tsoma sarƙa kamar minti goma ana motsa ta da waya, a rataye ta ta huce. Za ta sandare kamar sanda, sai a lanƙwasa gaɓoɓin da hannu a mayar. Kakin da ke waje zai kakkaɓe da kansa cikin tafiyar farko, na ciki ya zauna, daidai da abin da mai kankare katakon ƙanƙara ke nema. A busasshiyar hanya shafi ɗaya kan kai kilomita 200 zuwa 300, wato kamar kwana goma ko mako biyu ga mai zuwa Samaru kullum. Karo na biyu ba a bukatar kananzir, a goge ƙura da tsumma a sake tsomawa.

Masu ja da wannan shawara suna da hujjoji, kuma bai kamata a raina su ba. Ta farko ita ce damina. Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa daga Mayu zuwa Oktoba, kuma kaki ba ya malalowa ya rufe inda ya goge, don haka sarƙar da ruwa ya daka aka ajiye da laima za ta wayi gari da tsatsa. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne ainihin darasin gwangwanaye masu launi uku. Da damina a koma ga mai, amma sabo, ɗigo ɗaya a kan kowane zobe, a bar shi ya shiga, sannan a goge na waje tas. Da ruwa ya ɗauke a wanke a koma ga kaki. Hujja ta biyu ita ce wahala da kuɗin kyandir, tunda tsohon mai kyauta ne. Ga mutum ɗaya a gidansa, akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ga mai rumfar gyara kuwa, tukunya ɗaya za ta yi wa sarƙoƙi masu yawa aiki kafin kakin ya ƙare, kuma ya sami wata sabuwar sana'a da ake biya, wadda ke dawo masa da abokin ciniki duk bayan mako biyu.

Hujja ta uku ta fi sauran ƙarfi, kuma daga dattawa take fitowa. Tsofaffin kekuna irin Raleigh, waɗanda aka taɓa harhaɗawa a Kano, suna zuwa da gidan sarƙa na kwano wanda ya rufe ta ruf. A cikin irin wannan gida mai na iya yin watanni bai ga ƙura ba, kuma babu bukatar kaki. Wannan haka yake. Abin takaici shi ne yadda ake ɓalle gidan a jefar tun ranar da ya fara ƙara ko ya hana saurin yin faci, sannan yawancin kekunan gwanjo masu giya da suka cika kasuwa ba su da shi ko kaɗan. Wanda kekensa ke da gidan sarƙa ya riƙe shi da kyau. Haka ma mai babur, domin shawarar dafa sarƙa ba ta shafi babur ba. Sarƙarsa tana gudu da zafi da nauyi fiye da abin da kakin kyandir zai jure, kuma murfin da kamfani ya sa mata ya fi kowane irin shafi amfani.

Ba kuma duk abin da mutanen ƙanƙara suka yi ne abin koyi ba. Daga shekarun 1980 suka shiga zuba sinadaran fulorin cikin kakinsu domin korar ruwa da datti, kuma abin ya yi aiki ƙwarai. Daga baya bincike a Suwidin da Nowe, wajen 2010, ya nuna cewa sinadaran sun taru da yawa a jinin masu sana'ar shafa kakin, waɗanda ke shaƙar hayaƙinsa a rufaffun ɗakuna, kuma ba sa ruɓewa a ƙasa ko a ruwa. Hukumar wasan ta duniya ta haramta su gaba ɗaya daga kakar 2023 zuwa 2024. Saboda haka duk wanda ya ji ana cewa a barbaɗa garin Teflon cikin kakin sarƙa, ya bari, farin kaki ya wadatar. Wannan labari ya kamata ya sa a sake duban hannuwan yaran shago na Tudun Wada. Tsohon man inji yana ɗauke da sinadaran da gwaji a kan dabbobi ya nuna suna haddasa sankarar fata in aka daɗe ana shafarsu, kuma abin da ya ɗiga a ƙasa ruwan farko ne zai wanke shi ya bi kwata ya gangara Kubanni.

Wani zai ce ina ruwan jami'a da sarƙar keke. A 1966 wani kwamiti a Ingila ƙarƙashin Peter Jost ya ƙiyasta cewa masana'antun ƙasar za su iya tsimin fam miliyan 515 a shekara in suka kula da gogayya da cinyewar ƙarfe da shafa mai, kuma daga rahotonsa ne fannin ya sami suna ya zama ilmi mai zaman kansa. A 2017 Holmberg da Erdemir suka lissafa cewa kimanin kashi 23 cikin 100 na makamashin da duniya ke ƙonawa yana tafiya ne wajen yaƙi da gogayya da maye gurbin abin da ta cinye. Sarƙar keke ƙaramin misali ne na wannan babban lissafi, mai araha, wanda ɗalibin shekarar ƙarshe zai iya riƙewa a hannu.

Zariya ba ta rasa masu yin aikin ba. Ga Jami'ar Ahmadu Bello da sassanta na injiniyan injuna da na sinadarai, ga Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya da Cibiyar Binciken Fasahar Sinadarai ta Ƙasa, dukansu a wajen Basawa, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli. Gwaje-gwajen da aka ambata a sama duk an yi su ne da ƙurar wasu ƙasashe da zafin wasu ƙasashe, kuma akwai tambayoyin da sai a nan za a amsa su. Shin kakin kyandir zai riƙe taurinsa a zafin Afrilu, lokacin da keke ke yini a rana a ƙofar ofis? Shin ɗan kakin zuma, wanda ke narkewa wajen digiri 62 zuwa 64 kuma ake samunsa a wurin masu zuma na ƙauyukan ƙasar Zazzau, zai ƙara masa kama ƙarfe da jure ruwan farkon damina, ko kuwa danƙonsa zai dawo da matsalar ƙura? In zai taimaka, kashi nawa cikin goma? Kuma kyandirorin da ke kasuwa, waɗanda ba duka ne farafin zalla ba, wanne ya fi?

Gwajin da zai amsa su bai bukatar wata na'ura daga waje. A sami masu keke 60 daga Tudun Wada da Gyallesu da Kongo, a sa wa kowa sabuwar sarƙa iri ɗaya a farkon Nuwamba, a kasa su gida uku: masu tsohon baƙin mai, masu sabon mai da gogewa, da masu kaki. A ɗaura wa kowane keke ɗan agogon auna nisa, a riƙa auna gaɓa 24 a ƙarshen kowane wata har zuwa Maris, a rumfar masu gyaran da kansu, a gaban idonsu, su ne ma za su riƙe rular. Sakamakon kuwa a buga shi da Hausa da boko da ajami a kan takarda guda, da hoton sarƙa uku a jere da farashin kowace, a manna a jikin rumfunan kafin hazon shekara mai zuwa ya sauka.